Yadda Na Binciki Manemin Ƙanwata

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da lokacin da aka ɗora mini binciken manemin ƙanwata Nafisa ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da aka aika. Ni malamin sakandare ne a nan Fagge, tarihi nake koyarwa. Ba tarihin na so ba tun farko. Kimiyya na so, ita ce ba ta so ni ba. Lissafi ya kayar da ni, na tashi na kakkaɓe riga, ya sake kayar da ni, har malaminmu ya ja ni gefe ya ce in nemi wani fannin tun da sauran mutuncina. To da aka hana ni kimiyya a aji, sai na bi ta bayan gida na same ta a littattafan ƙagaggun labarai: kumbon da ke keta sararin samaniya, mutum-mutumi mai tunani, mutanen da suka kwashe kayansu suka koma wata duniya. In na gama littafi in bi da fim, in na gama fim in bi da bidiyon waya. A haka na tara ilimi mai yawan gaske wanda babu jarrabawar da ake tambayarsa a ciki.

Dillalina a wannan harka shi ne Oga Chinedu, mai sayar da littattafan gwanjo a Sabon Gari. Ibo ne, amma a Kano aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shi ya laƙaba mini Farfesa (na daɗe ina ɗauka girmamawa ce). Duk kwalin da ya buɗe, in ya ga bango mai hoton tauraro ko wani abu mai ido uku, sai ya ture mini gefe.

Matsalar karatu irin wannan ita ce ba ya zama a ciki, sai an amayar wa wani. Ni kuwa ban da mai saurare. A majalisarmu ta Kwaciri, da na ce «Kun san kuwa...» sai kowa ya tuna an aike shi. A ɗakin malamai har an san wanda zai yi tari a tashi. Na taɓa tambayar wani malami bayan tafsiri, in mutum yana duniyar da ke da rana biyu, wacce zai jira ta faɗi ya sha ruwa? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in fara gyara azumina na duniya mai rana ɗaya. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ina ganin kaina mutum ɗaya tilo a duk faɗin Kano da ya damu da abin da ke sama da gajimare.

Ana haka Nafisa ta fito da miji. Sunansa Sagiru, an ce yana da shagon kayan sola da batura a layin 'yan kayan wuta na Sabon Gari. Kun dai san yadda ake yi. Babanmu ba zai sa baki a auren 'yarsa ba, magana tana hannun wansa, Baffa Habibu, tsohon magatakardan kotu. Baffa mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ka ji kamar za a ce ka kawo shaida. Kuma duk dangi sun san halinsa guda: ba ya sauraron magana sau biyu. In aka kawo masa bayanin manemi bai gamsu ba, ya ce a ba manemin haƙuri, to an rufe ke nan, ko wa za a turo. Nafisa ta san haka, shi ya sa tun da aka fara zancen ta rame.

Wanda ya saba yi mana binciken manema ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai Baffa ya aiko a kira ni.

«Kai ne babban wanta, kuma an ce kullum kanka na cikin littafi,» in ji shi. «To yau ga ranar karatun. Ka je ka gano mana yaron nan. Ɗan waye, daga ina suke, shagon nasa ne ko tsaro yake yi, yana salla, su wa yake zama da su, ya taɓa aure. Ka tambayi maƙwabta, ka tambayi mai shayi, ka tambayi limamin unguwarsu. Kada ka bari ya san kai wane ne.»

Na ce, «An gama, Baffa.»

Na fito ina jin kaina a sama. Tunda nake ba a taɓa ba ni aikin manya ba, iyakaci a ce in jera kujeru ko in raba katin gayyata. Amma tun a hanya na fara gyara wa Baffa tsarinsa. Mai shayi? Maƙwabta? Ai wannan jita-jita ce, ba kimiyya ba. A littattafan da na karanta, mai bincike na gaske zuwa yake ya tsaya gaban wanda ake zargi, ya lura da ƙiftawar idonsa da rawar yatsunsa, ya gano ko mutum ne ko na'ura ce aka yi wa fata. Na yanke shawara ni ma haka zan yi. Na nemo baƙin tabarau da hular hana-salla.

Da yamma Nafisa ta kawo mini abinci ɗaki, abin da ba ta saba ba, har da zoɓo mai sanyi.

«Yaya, an ce kai za ka je.»

«Wannan sirri ne, Nafisa. Ba a tattauna shi da wanda abin ya shafa.»

«Haka ne, Yaya. Allah ya taimaka.» Ta gyara faranti. «Kada dai ka je ranar da rana ta yi zafi.»

«Asabar zan je, da hantsi. Dama zan biya wajen Oga Chinedu, ya samo mini na ukun littafin nan.»

«Wanne ke nan?»

Jama'a, shekara da shekaru babu wanda ya taɓa tambayata «wanne ke nan» a gidanmu. Na ajiye cokali na faɗa mata sunan littafin, na maimaita, har na nuna mata bangon na biyun. Labarin wasu mutane ne da kumbonsu ya lalace suka sauka a wata duniya mai rana biyu, ja da fara, suka rabu gida biyu a kan wacce za a bi a ƙirga kwanaki, har abin ya kai su ga yaƙi. Na biyun ya ƙare daidai inda shugabarsu ta hau ragowar kumbon ta nufi jar ranar ita kaɗai. Na daɗe ina neman na ukun kamar zan yi hauka. Nafisa ta saurara da kyau, ta ce lallai labarin da daɗi, ta kwashe kwanuka ta fita. Na ce a raina yarinyar nan ta fara hankali.

Ranar Asabar na hau a-daidaita-sahu zuwa Bata, na ƙarasa Sabon Gari a ƙafa cikin tabarau da hula, ina waige-waige ko ana bin sawuna. (Babu mai bi na. Mai turin baro ɗaya ne ya ce in matsa.) Na fara zuwa wajen Oga Chinedu.

«Farfesa, yau kuma shigar 'yan ƙwallo aka yi?» in ji shi. «Sai dai ka yi haƙuri. Littafinka ya tafi.»

«Ya tafi ina? Ba cewa ka yi ka ajiye mini ba?»

«Na ajiye. Jiya wani saurayi ya zo da sunansa a waya, ya ce shi yake so, ko tayi bai yi ba. Kai kuwa sai mu kai azahar muna ja-in-ja. Farfesa, ina da 'ya'ya a makaranta.»

Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganu a kan amana. Yana ta murmushi yana kaɗe ƙura daga wani ƙamus. Amma ina barin wajen sai wani tunani ya danne fushin. Ashe a garin nan akwai wani da ya san littafin? Ashe ba ni kaɗai ba ne? Wane ne wannan bawan Allah, a ina yake ɓoye duk shekarun nan?

Da wannan tunanin na isa layin 'yan kayan wuta, na gano shagon da aka kwatanta mini. Niyyata in shiga a matsayin mai sayen ƙwan fitila, in yi ta ciniki ina nazarin idonsa. Na yi sallama. Wani saurayi baƙi, siriri, mai tsabta, yana zaune bayan kanta ya duƙufa a kan littafi. Na dubi bangon. Jar rana da fara.

Wallahi ban san lokacin da na cire tabarau ba.

«Kai ne ka saye shi!»

Ya miƙe da sauri, ya ba ni hannu biyu, ya jawo mini kujerarsa shi ya zauna a kan wani kwalin batir. Kafin in ce wani abu ya buɗe firji ya ajiye mini lemo. Na tambaye shi ina ya kai. Ya ɗan sosa ƙeya ya ce, «Ai ina wajen nan ne... inda abin ya rikice.»

«Inda ta shiga hasken jar ranar?»

«Nan ɗin fa.»

Na ce masa kada ya faɗa mini ƙarshe. Ya rantse ba zai faɗa ba.

Daga nan na kwance bakin buhu. Na yi masa bayanin yadda hasken tauraron da muke gani ya daɗe da barowa, ta yiwu tauraron ma ya mutu muna nan muna yaba kyansa. Ya ce, «Ikon Allah.» Na gaya masa in mutum ya yi gudu kusa da gudun haske, lokacinsa zai riƙa tafiya a hankali, ya dawo ya tarar da sa'o'insa sun tsufa shi yana nan da ƙuruciyarsa. Ya ce, «Ka ji fa.» Na shiga zancen baƙin ramin nan na samaniya da ke haɗiye komai har haske, na ɗauki murfin lemo da wani faifan sola na yi masa misali. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, «To ai shi ne.» Na kawo masa tambayata ta azumi a duniya mai rana biyu. Bai yi dariya ba. Ya dubi silin ya ce, «Gaskiya abin dubawa ne.»

Abin dubawa ne! Na ji ƙwalla ta taru mini. Ban taɓa haɗuwa da mai zurfin tunani irin wannan ba.

Masu saye suna shigowa, ya sallame su da rabin hankali yana cewa in ci gaba yana ji. Wani ya gaji da tsayuwa ya koma shagon gaba. Aka kira azahar, ya ce mu je mu yi salla, muka je muka dawo ina yi masa bayanin inda alƙibla za ta kasance ga wanda ke kan wata. Ya sayo mana gurasa da tsire. Na ci, na sha, na ɗora daga inda na tsaya. Sai da aka yi la'asar rana ta yi sanyi sannan muryata ta fara dushewa na miƙe. Ya ɗauki littafin ya miƙo mini da hannu biyu.

«Ka fara karantawa, Yaya. Ni ba sauri nake ba.»

(E, Yaya ya ce. Na ji da kunnena. A lokacin na ɗauka ladabi ne irin na masu ilimi.)

Na koma gida da littafi a hammata, ban tambayi ko kare ba a unguwarsu, don ban ma san unguwar tasu ba. Nafisa ta tare ni a tsakar gida tana murza gefen mayafi. Na ce mata, «Ke dai ki gode wa Allah. Irin wannan mijin ba a samunsa sau biyu.» Na shige ɗaki na rufe ƙofa, ni da jar rana.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a zauren Baffa. Ga Baffa a kan buzunsa, ga Babanmu a gefe ya sunkuyar da kai yana jan carbi kamar ba 'yarsa ake magana ba, ga limamin unguwa da aka gayyato don albarka. Ta bayan ƙofar cikin gida kuwa ana jin motsin mata, Umma da Nafisa da sauransu, kowa ya kasa kunne. Ni na sha babbar riga, littafin yana aljihu don saura kaɗan in gama.

Baffa ya yi bismilla ya ce, «To, muna jin ka. Ɗan waye?»

Na buɗe baki.

«Sunansa Sagiru, Baffa.»

«Wannan ai mu muka gaya maka. Sagiru wa?»

«Ban... ba mu kai nan ba.»

«Mutanen ina ne?»

«Da alama dai Bahaushe ne.»

«Wace unguwa yake kwana?»

Na sosa ƙeya.

«Shagon nasa ne?»

«Shi na tarar a ciki.»

«Ni ma in ka zo kotu a da ni za ka tarar a ciki, amma ba tawa ba ce. Ya taɓa aure?»

Baffa ya gyara zama, ya cire tabaransa ya goge, alamar da duk wanda ya san shi yake tsoro.

«Yana salla?»

Na yi farat na ce, «Yana yi! Tare muka yi azahar.»

«Tare? Wato ka je wajensa. Na ce kada ya san ka, ka je kun yi jam'i. To wa ya ce a tashi a yi sallar, kai ko shi?»

«Shi.»

«Madalla. Ashe kai ya kamata a bincika.»

Liman ya yi tari don ya ɓoye dariya. Na ga in ban yi wani abu ba zan nutse, sai na ɗauko abin da nake ganin shi ne babban makamina. Na ce, Baffa, waɗannan duk ƙananan abubuwa ne, ni ƙwaƙwalwar mutumin na auna. Na ce yaron nan ya san mutum zai iya tafiya ya dawo ya tarar da matarsa ta tsufa shi bai tsufa ba. Ya san akwai ramin da ke haɗiye haske. Ya yarda akwai yiwuwar wasu halittu a wata duniyar, har mun tattauna yadda za su yi azumi.

Dariyar Liman ta ɗauke. Ya ce, «A'uzu billahi. Wasu halittu? Ba dai irin masu hulɗa da mutanen ɓoye ba ne?»

Baffa ya ce, «Kuma tun kafin a ɗaura yana lissafin tafiyar da zai yi ya bar ta ta tsufa.» Idonsa ya sauka a kan aljihuna. «Wannan fa mene ne?»

Na zaro littafin. «Aro ya ba ni.»

«Ya ba ka abinci?»

«Gurasa ce kawai... da tsire.»

«A wajen aikinmu akwai sunan da ake kiran wannan,» in ji Baffa. Ya mayar da tabaransa. «To. Ba mu san ubansa ba, ba mu san gidansu ba, ɗan abin da muka sani kuma babu daɗin ji. A ba shi haƙuri. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.»

Daga bayan ƙofa na ji wani ɗan sauti, irin na wanda ya toshe baki da mayafi. Na san muryar Nafisa ce. Nan take duk wani girman kai ya zube mini. Yarinyar nan ba ta yi wa kowa laifi ba, saurayin bai yi ba, ni da bakina na rusa musu aure saboda son a saurare ni. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na sauka daga tabarma na durƙusa.

«Baffa, don girman Allah a kira shi. Ni ne ban iya bayani ba. In ka ji shi da kunnenka za ka san abin da nake nufi.»

Baffa ba ya sauraron magana sau biyu, amma tsohon ma'aikacin kotu ne, ba ya iya ƙin a kira shaida. Ya ce a kira shi.

Kafin magariba Sagiru ya iso, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Na miƙe tsaye kamar lauya.

«Sagiru, kada ka ji tsoro. Faɗa wa Baffa abin da ka ce a kan tafiyar lokaci.»

Ya dube ni. Ya dubi tabarma.

«To bar wannan. Yi musu bayanin dalilin da ya raba mutanen jar rana da na fara.»

Ya ƙara sunkuyar da kai. Na ce a raina kunya ce irin ta manyan masana.

Baffa ya ɗaga mini hannu in zauna. Ya ɗauki littafin da yatsu biyu ya nuna masa. «Yaro, nan ba wajen wasa ba ne, ka ji tsoron Allah. Ka karanta wannan?»

«Allah ya gafarta Malam, bangon na karanta.»

«Ciki fa?»

«Na gwada shafin farko, kaina ya yi ciwo.»

«To me ya kai ka saye?»

«An ce mini Yaya zai zo bincike ranar Asabar, kuma in ya ga littafin nan a hannuna ba zai tambaye ni komai ba. Ni ba abin da nake ɓoyewa, wallahi. Tsoro ne kawai, an ce gidan nan ba a tsallake bincikensu.»

«Wa ya ce maka?»

«Baffa, a yafe mini wannan. Laifin nawa ne, ni na je na saya.»

Babu wanda ya dubi ƙofar cikin gida, amma kowa ya san inda maganar ta fito. Ni kuwa zoɓon nan mai sanyi ne ya dawo mini a maƙogwaro.

«Duk bayanin da aka ce ka yi, na rami da na halittu?»

«Ni ban ce komai ba, Allah ya gafarta Malam. Yaya ne ya yi. Ni tun daga inda aka ce rana biyu ce na ɓace, ban sake gane hanya ba.»

«Tun yaushe zuwa yaushe?»

«Tun hantsi har bayan la'asar.»

Liman ya ce, «La ilaha illallahu.»

«Kana zaune? Ba ka ce kana da uzuri ba? Ba ka yi barci ba?»

«Na ɗan ciji harshena sau da yawa. Amma yayanta ne, kuma na ga yana jin daɗi. Ya ce mini bai taɓa samun wanda ya fahimce shi ba, sai na ji tausayinsa.»

Tausayi! A gaban Baffa, a gaban Liman, a gaban matan gidanmu da ke bayan ƙofa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da na yi kwanaki ina yabon zurfin iliminsa, da na tattara duk abin da ya faɗa a wunin nan, bai wuce «ikon Allah» da «ka ji fa» ba. Duk hikimar da ta burge ni a shagon nan daga bakina ta fito. Ashe ni na je Sabon Gari na gana da kaina, na dawo ina ba da labarin na ga haziƙi.

Baffa ya dube ni, ya dubi Sagiru. Sannan kafaɗunsa suka fara rawa. Tunda nake ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar.

«Na ga shari'u iri-iri,» in ji shi, «amma ban taɓa ganin wanda aka aika bincike aka saye shi da littafin aro ba. Yaro, dabarar da ka yi ba ta da kyau, kada ka sake. Sunan mahaifinka da unguwarku za ka faɗa mini yanzu, ni da kaina zan je, tunda ɗan aikenmu ya tafi wata duniyar. Amma abu biyu na gani da idona. An matsa maka ba ka tona wanda ya taimake ka ba. Sannan haƙuri. Wanda ya iya zama gaban wannan tun hantsi har la'asar bai gudu ba, zai iya zama da kowace mace. Mu da muke danginsa ba ma iya yi masa daga azahar zuwa la'asar.»

Babanmu, wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba saboda kunyar maganar 'yarsa, ya ɗago kai a hankali ya ce, «Ni ko tsakanin kiran salla da iƙama.»

Zauren ya kece da dariya, cikin gida ma aka ɗauka, har da guɗa. Muryar Umma ta fi ta kowa.

Baffa ya je ya yi bincikensa irin na da, mai shayi da maƙwabta da liman, ya tarar da yaro ɗan mutunci ne, shagon ma nasa ne. Aka ɗaura aure. A wajen walima duk wanda ya ba ni hannu sai ya ce «ikon Allah» ya gyaɗa kai. Da na je yi wa Nafisa faɗa, cewa ta yi, «Yaya, ni me na yi? Kai ka faɗa mini ranar, ka faɗa mini sunan littafin, har ka maimaita.» Oga Chinedu kuwa ya ce tun da ya ga saurayin ya riƙe littafin kamar kwanon miya mai zafi ya san ba makaranci ba ne, amma ba a tambaye shi ba.

Ba a sake aike na bincike ba. Sai dai an ba ni wani muƙamin. Yanzu duk wanda ya fito neman aure a danginmu, in Baffa ya gama da shi sai ya ce, «Je ka gaida yayansu, ka ɗan zauna.» Na san ni ne jarrabawar, su ma sun sani. Ɗaya ya ce zai je ya kama ruwa, har yau bai dawo ba, aka soke maganarsa. Da farko na yi fushi na ce ba zan yi ba. Amma ku duba lamarin ta wajena: mutum ne zai zo da ƙafarsa, ya tsuguna, ya kashe waya, kuma ba shi da ikon tashi. Na karɓa.

Abin da na koya dai shi ne, in ka ga mutum ya zauna wuni guda yana gyaɗa maka kai yana cewa abin dubawa ne, kada ka yi saurin cewa ka samu abokin ilimi. Ka fara tunawa ko kana da ƙanwa a gida.